Kada Ki Yanke Wayar Nan

Bodinga, ran Talata, saura kwana tara Babbar Sallah.

Da sunan Allah nake farawa. Zuwa ga ɗiyar Malam, wadda ke Kaduna gidan Baffanta Sani.

Gaisuwa mai yawa, da fatan wagga takarda ta iske ki da sauƙi. Ina jiki, ina kumburi, ina haƙuri. Allah shi ƙara afuwa, shi sa kaffara ne, shi tsare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba shi gani. Ki gaida Baffanki da matarshi Hajo, ki ce na gode, Allah shi biya su. Na manta ba ki iya cewa. To ki nuna musu layin ga su karanta da kansu, amma layin ga kaɗai, sauran naki ne.

Ni na rubuta da hannuna, ban sa kowa ba. Rani biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci, abin da na samo ke nan. In kin ga harafi ya kwanta ki tashe shi, ke ce malamar makaranta. Akwai maganar da ba ni son ta bi ta kunnen wani.

Alhaji Ɗan'ige mai albasa ya kawo min takardarki jiya da la'asar. Na ce mashi, "Alhaji, yaya ka gan ta?" Ya ce, "Inna, lafiya lau." Na ce, "Aje wanga lafiya lau naka ga masu sayen albasa." Sai ya sosa ƙeya ya ce, "To, fuska dai ta kumbura kamar ƙwarya, ta rame, magana sai da biro. Amma ta yi min dariya da ido." Na ce, "Yanzu ka yi magana."

Sau uku na karanta. Kin ce an yi miki aikin muƙamuƙi, an ɗaure na sama da na ƙasa da waya, kuma likita ya ce sai sati shida sun cika za a kwance. Kin ce yunwa ta ishe ki, kin gaji da zuƙar kunu ta tsakanin haƙora. Kin ce akwai ɗan almakashin da likita ya ba ki ki rataya a wuya, don in amai ya taso ki yanke wayar kada shi shaƙe ki, kuma kullum kina kallonshi. Kin ce za ki biyo motar Alhaji ki zo gida Sallah, in kin zo ki yanke, abin da ya warke ya warke.

Ga amsa tun da fari, kada ki wahala nemanta a ƙasa. Kada ki zo. Kada ki taɓa wayar nan. Yau kwananki goma sha tara, saura ashirin da uku. Na san lissafin don na zuba ƙwayar tsamiya a kwano tun ran da anka ce an yi aikin, kowace safiya in cire ɗaya. Ran Sallah saura sati biyu cif. Don sati biyu za ki zubar da shekara guda da kinka yi da ƙarafa jere a haƙora, kina bin mota Kaduna kowane wata ana ƙara matse su, sannan ga wuƙar da anka sa miki.

Yanzu ki zauna ki ji dalilina.

Kin san kin faɗi bakin rijiyar jigo a fadamar Danchadi kina shekara shida, kin kai wa ubanki hura, haɓarki ta bugi icen bakin rijiya. Kin san an kai ki Horo Birni wurin maɗori. Abin da anka gaya miki shi ne ɗorin bai yi kyau ba, shi ya sa muƙamuƙin ya karkace hagu, haƙoran ƙasa sunka tsere wa na sama. Ni na bari anka gaya miki haka. Ba haka anka yi ba.

Ran da kinka faɗi ina daka a tsakar gida. Goggo, uwar ubanki, tana zaune da baƙi mata biyu daga Shagari. Ubanki ya shigo da ke a kafaɗa, jini har gaban rigarshi. Ke ce ɗiyata ta fari. Mu kuwa an koya mana ɗan fari ba a kallonshi gaban mutane, ba a kiran sunanshi, ko wuta ya faɗa sai dai wani shi ciro shi. To ban aje taɓarya ba. Na ji ɗaya cikin baƙin tana ce wa Goggo, "Surukar taki akwai kunya, ko ɗaga kai ba ta yi ba." Allah shi gafarta min, na ji daɗin maganar. Ina daka, ina jin kukanki, ina jin daɗin yabo.

Goggo ta ce haƙori ne kawai ya girgiɗe. Kwana uku tana gasa miki da tsumma da ruwan zafi, ni ina leƙe daga nesa kamar ɗiyar maƙwabta ce. Sai ran na huɗu da rana, sun tahi gidan suna, na shiga na taɓa haɓarki. Na ji ƙashi shina motsi ƙarƙashin yatsana kamar fasasshiyar ƙwarya. Sannan ne na buɗe baki na gaya wa ubanki, ya ɗaura wa jaki akumari.

To ki ji. In kinka ga wani abu ya canza, zazzaɓi ne, ko wari daga baki, ko waya ta soki dasashi shina jini, kada ki ce kina jin nauyin Hajo. Na san ki, za ki ce kin zame musu kaya, ga masaƙar da Baffanki ke aiki an ce tana sallamar mutane. Ki rubuta ki nuna musu, a kai ki ga likita ranar, ba gobe ba. Ni na gwada kunya kwana uku, ba ta ɗora ƙashi.

Amma wannan ba shi ne babban ba.

Maɗorin nan tsoho ne, hannunshi da sanyi. Ya yi tofi, ya daidaita ƙashin, ya ɗaure ki da farin saƙi daga haɓa zuwa tsakar ka. Da ya gama sai ya dube ni, ba ubanki ba, ya ce, "Wata guda cur. Kunu da nono kawai. Za ta yi kuka, ki toshe kunne. Kullin ga kada hannu shi taɓa shi sai nawa."

Kwana goma sha biyu da ɗorin, Babbar Sallah ta zo. Ubanki ya yanka rago. Gari duk ƙamshin suya, yara na yawo da tsoka, maiƙo har gwiwar hannu. Ke kina zaune gindin rumbu da ƙyallenki a ka. Ba ki yi kuka ba. Da kuka kinka yi da na iya, don shi anka ce in toshe wa kunne. Kallo kawai kike, miyau ya jiƙe ƙyallen. Na ja ki ɗaki kamar zan yi miki faɗa, na saki asabari. Na ce a raina ai hanta ba nama ba ce, ko tsohuwa mara haƙori tana ci. Na kwance kullin. Kinka ci yanka biyu. Kinka nuna tsoka da yatsa. Na ba ki. Na ji ƙas.

Ƙarar ba ta wuce ta karyewar tsinken tsintsiya ba. Shekara goma sha tara ke nan ina jin ta.

Na mayar da ƙyallen yadda na iya. Na ce miki in kinka gaya wa kowa ba ni ƙara ba ki nama. Ba ki gaya wa kowa ba, ƙila ma kin manta. Da wata ya cika anka koma anka kwance, haɓa ta juya tana kallon kafaɗa. Ubanki ya ce maɗori ya cuce shi. Har ya koma ga Allah, in sun haɗu a kasuwar Shagari sai shi kau da kai. Tsohon bai taɓa kare kanshi ba. Sau ɗaya munka yi kiciɓis a layin masu ƙore, ya ce min, "Ina 'yar jinyata?" Na ce tana lafiya. Ya ce, "Kullin da na kwance ba shi na ɗaura ba. Allah dai shi rufa asiri." Ya wuce abinshi. Ya mutu da baƙin sunan da nawa ne, ni kuwa ina nan ana ce min Inna mai kunya.

Na faɗa miki. In kin ga dama ki yafe, in ba ki gani ba ki riƙe, ba shi ya sa na rubuta ba. Abin da nake son ki gane, tausayi ne ya karkata miki baki. Yanzu kuma ga ki kina son ki ji tausayin kanki da almakashi, a Sallar layya dai, a kan nama dai. Ba ni da ilimin likita, amma ƙashin Kaduna da na Horo Birni ɗaya ne, bai san Sallah ba. Almakashin nan na amai ne. In amai ya taso ki yanke da sauri, rai ya fi haɓa. In yunwa ce ta taso ki sa shi cikin riga kada ki gan shi.

Kuma ba ke kaɗai nake tsoro ba. In kinka zo kinka zauna bakin ƙofa kina kallona ina suya, ban san ko na yi hankali ba. Hannun nan shi ne dai. Ina jin ni zan karɓi almakashin in yanke miki. To ki taimake ni ki yi nisa.

Kin ce kin duba madubi ba ki san mai kallonki ba, kina tambaya ko ni zan gane ki. Ki kife madubin nan. Abin da kike gani kumburi ne, fuskar tana ƙarƙashi. Shekarar da ubanki ya rasu, ni na tsaya kan albasar da ya bari. Ya sha gaya min ba a cire ta sai wuyanta ya kwanta da kanshi. Na ga maƙwabta sun fara lodi, ido ya rufe min, na sa anka cire tana tsaye. Kafin wata ta ruɓe a rudu, rumfar da ake aje ta, har kaji sunka bar wurin don wari. Ki bari wuyan shi kwanta. Zancen in gane ki kuwa, ba haɓa kaɗai na haifa ba. Kunnuwan ubanki ne a kanki, kuma kina tafiya kina jan ƙafar dama kamar Goggo. Ko buhu kinka sa a ka na san ki tun daga bakin tasha.

Akwai wani kuskuren. Bayan ɗorin nan, cin abinci ya zame miki aiki. Kina tauna ta gefe guda, loma na zubowa, yara sun gama sun wanke hannu ke ba ki yi rabi ba. Da na ji sun fara dariya, maimakon in ci musu mutunci, sai na raba miki akushi. Na ce ki riƙa ci a ɗaki. In baƙi sun zo in ce ja mayafi ki rufe baki. Na ɗauka ina kare ki. Ashe ina koya miki cewa bakinki abin ɓoyo ne, kuma kin koya da kyau, don har kinka zama malama a Shagari an ce in kina karantarwa hannunki na kan haɓa, kuma ba a taɓa ganin kin ci ko gyaɗa a ofis ba. Alhaji ya ce yanzu ma a ƙuryar ɗaki kike shan kununki, ki rufo ƙofa. Ki bari. In sun zauna cin tuwo ki ɗauko kofinki da tsummanki ki zauna cikinsu. In ya zubo ki share. In 'ya'yan Hajo sun yi dariya ki zare musu ido, idon ai ba a ɗaure shi ba. Mai ci shi kaɗai ba shi cin kirki, shi ya sa kike ramewa.

Na kuma san kina riƙe da ni kan ran da kinka zo da zancen aikin. Kin ce kunnenki na ciwo, kanki na sara, haƙoran gefe sun fara cinyewa, kin ce likita ya ce ana iya gyarawa. Ni kuwa na ce miki haka Allah ya yi ki, ki gode mashi. Ƙarya na yi wa Allah. Shi daidai ya yi ki. Tsoro nake ji likitoci su buɗe su ga abin da na yi a rubuce jikin ƙashi. Ran da za ki tahi na ce ƙafata na ciwo, ban raka ki tasha ba. Na je. Ina bayan rumfar mai ƙosai har motarku ta cika ta tashi. Kin sayi lemo kin riƙe a hannu ba ki sha ba, kina ta waigen hanyar gida. In kin ga abu shi ne daidai, ko ni na hana ki, ki yi. Wannan karon kin yi, kuma ke ce da gaskiya. To kada ki lalata gaskiyarki da hannunki.

Gida dai ga shi nan. Gero ya nuna, an fara yanka. Ran Juma'a ne kawai ba ni so. Na saba in anka sauko daga masallaci in ji bas ɗin Shagari ta tsaya, in ji takalminki, ki shigo ki aje min goro ki ce, "Inna, an dama?" Yanzu ma bas ɗin na tsayawa. Sati biyu ina dama hura ta mutum biyu, sai na zuba a ƙwarya in tuna. Kaji sun yi ƙiba. Tabarmarki na naɗe na jingine, na ga ɗakin ya yi faɗi, na sake shimfiɗawa. Kada ki ɗauka kuka nake, ba ni da lokacinshi. Amma gidan ya yi shiru ƙwarai, kuma ke ba mai surutu ba ce, ban san mi ya sa ba.

Ga abin da na ba Alhaji shi kawo miki: garin kunu na sabon gero, gyaɗa soyayya na ɓare na murje, zuma kwalba guda, man shanu. Madarar gwangwani na nema, tun da anka ce a tsuke bakin aljihu sai an yi layi, ni kuwa ƙafata ba ta layi. Nonon Fulani ya fi ta ma, Hajo ta dafa shi tukuna. Kunun gyaɗa ta tace shi sau biyu, ko ƙwaya guda ta maƙale a waya za ki kwana da ita. Ta sa man shanu cokali guda a ciki. Ran Sallah ta tafasa miki ƙashi har shi saki, ta tace romon ki sha, kin yi Sallah ke nan. Kada ki jira yunwa, ki sha kaɗan kaɗan daga safe har magariba kamar mai goyo. Kin ce leɓenki na ƙasa ya mutu ba ki jin shi. To ki riƙa ɗiga kunun a bayan hannu tukuna, kada ki ƙona wurin ba ki sani ba. Bayan kowane sha ki kurkure da ruwan ɗumi da gishiri. In abin da na ce ya saɓa da na likita, bi nashi. Ni an ga aikina.

Zancen salla da kinka tambaya, na aika ga Liman. Ya ce ki karanta yadda kinka iya, ko leɓe bai motsa ba Allah shina ji. Ya ce kuma a gaya miki a cikin garin ga akwai mata da yawa da zai so a kai su ga likitan nan naki. Na ce a gaya mashi a fara da masu wa'azin da ba su san tsayawa ba.

In an kwance waya kada ki ce an gama. Kin ce ƙarafan haƙora za su ƙara kusan shekara, kowane wata a koma a matse. Ki koma. Ko damina ce, ko mota ta yi wuya, ki koma. Ba rake, ba goruba, ba aya, ba gurgurar ƙashi, har sai ran da likita ya ce da bakinshi. Ran da za ki ji kin warke, ranar za ki fi yin hankali. Ni ma ran nan gani na yi kamar kin warke.

Ragon da na turke shina nan, za a yanka. Rabonki ba ni ba kowa. Cinyar zan dafa in daka ta lilis in yi dambu, in soye shi ƙarau in rufe a langa, shina kai wata biyu bai yi komi ba. In kin zo likita ya yarda, ki ci da cokali a tsakar gida, ƙofa buɗe. Ni ma tun da anka ɗaure ki kunu nake sha. Kada ki ce don ke ne, turamena ne sunka ƙare.

Saura magana guda. Kin duba takardar ga daga sama har ƙasa ba ki ga sunanki ba. Shekara ashirin da biyar ban taɓa kiranshi ba, daga ke sai waccan sai ɗiyar Malam. Goggo ta mutu, baƙin nan biyu sun mutu, ban san wa nake jin kunya ba har yanzu. Na so in rubuta shi nan, har na ɗora biro, sai na ga ba amfani in kira wadda ba ta iya amsawa. To na aje shi. Ran da ƙwayar tsamiya ta ƙare a kwano, likita ya kwance ki da hannunshi, ki hau mota. Zan zo tasha, ba bayan rumfar mai ƙosai ba, gaban mutane. Zan kira ki da sunan da anka raɗa miki, ki buɗe baki ki amsa. In kinka zo kafin nan, waccan ce ke, kuma waccan za ki zauna.

Allah shi haɗa ƙashin nan daidai, shi sa hannun likita albarka, shi jiƙan ubanki da tsohon Horo Birni. Allah shi tsare ki zaune, shi tsare ki kan hanya in lokacin hanya ya yi, shi nuna min ke da ƙafafunki. Ki sha kununki.

Wassalam. Ni ce Innarki.